Suna Ba Kayan Gado Ba Ne

 Ina so in kawo muku wata magana wadda ita ta iske ni a zaure, ba ni na tafi nemanta ba.

Ran nan da hantsi, yara sun tashi karin kumallo, ina zaune ina feƙe alƙalami, sai ga wani mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Katsina ya yi sallama. Na san shi tun yana ƙanƙane, gama a gabana ya kai izu goma kafin mahaifinsa ya ɗauke shi zuwa rumfa. Ya durƙusa muka gaisa, na yi masa barka, don na ji an yi masa haihuwa, an sami 'ya mace. Sai na ga fuskarsa ba irin ta wanda aka yi wa haihuwa ba ce. Ya ce, "Allah gafarta Malam, saura kwana uku suna, ga shi sunan yana so ya raba ni da abokina."

Ashe sunan da shi da mai ɗakinsa suka zaɓa, shi ne sunan ɗiyar abokinsa, yarinya 'yar shekara biyu. Ba zan faɗi sunan ba don kada in tona asirin gidajen mutane. Suna ne dai na Larabci mai kyan ma'ana, irin waɗanda suka shigo mana a 'yan shekarun nan. Shi kuwa abokin, rumfarsu bango ɗaya ce. Tare suke sarin kaya a Kantin Kwari na Kano, mota ɗaya ke ɗauko musu dila, in ɗaya ya tafi salla ɗayan ke tsare masa rumfa, kuma akwai kuɗin juna a hannun juna waɗanda ba a rubuta ko'ina ba. Magana ta fita ta bakin mata masu zuwa barka, ta isa kunnen matar abokin, ta ce duk sunayen duniya sun rasa na ɗauka sai nasu. Tun daga ranar abokin ya daina zuwa su ci abincin rana a kwano ɗaya.

Da farko dariya ta so ta kama ni. Mu da muka tashi a cikin birnin nan, in aka ce wane ya sa wa ɗansa sunan ɗanka, ai abin da za ka shiga kasuwa ne ka sayo 'yar riga ka kai. Amma da na dubi mutumin na ga ba wasa ya kawo shi ba, kuma na tuna a shekarar nan kaɗai wannan ne karo na uku da irin wannan ƙara ta zo mini, sai na ga ya kamata a faɗi maganar a fili.

Ku sani, raɗa suna hakkin uba ne, haka malaman fiƙihu suka tabbatar. Abin da shari'a ta ɗora masa shi ne ya zaɓi suna mai kyau, wanda ba ya nuna bauta ga wanin Allah, ba mai muni ba da zai zama abin kunya ga yaro in ya girma. Ibnu Abi Zaidi, a babin layya da yanka da aƙiƙa na Risala, ya yi bayanin dabbar da za a yanka, da cewa ranar bakwai ce, ba a kuma lissafa yinin da aka haihu a cikinsa, shi ya sa wanda aka haifa ran Alhamis sai Alhamis ta zagayo ake sunansa. Ya yi maganar aski da sadakar nauyin gashin. Babu inda aka shar'anta cewa sai uba ya bi unguwa ya bincika ko wani ya riga shi sunan. Wanda ya share daji ya raya shi, gona ta zama tasa. Wanda ya raɗa suna kuwa bai mallaki kome ba, aro ya yi, kamar yadda wanda ya riga shi ya ara.

Mu leƙa gidan Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Babbar 'yarsa Zainabu. A cikin matansa akwai Zainabu 'yar Huzaima, akwai Zainabu 'yar Jahshi. Agolarsa, ɗiyar Ummu Salama, ita ma Zainabu. Abin lura kuwa shi ne, biyu daga cikinsu, watau 'yar Jahshi da ɗiyar Ummu Salama, sunansu na fari Barra ne, shi da kansa ya sauya musu zuwa Zainabu, alhali yana da ɗiya mai wannan suna. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Har ma ya zo cewa wata rana matar Ibnu Mas'udu, ita ma Zainabu, ta tsaya a ƙofa tana tambaya kan sadaka, da Bilalu ya shiga ya ambaci sunanta sai da Annabi ya nemi a bayyana masa wace ce daga cikin masu sunan. Aka bayyana, ya ba da amsa, magana ta ƙare. Ba a ce wata ta sake suna ba.

Haka kuma ranar da aka haifi ɗan Zubairu da Asma'u, jaririn farko da Muhajirai suka samu a Madina, aka sa masa Abdullahi. A ranar nan Umaru yana da ɗa Abdullahi, Abbas yana da Abdullahi, Amru ɗan Asi yana da Abdullahi, kai har Abubakar Siddiku, kakan jaririn ta wajen uwa, yana da nasa Abdullahin. Huɗu daga cikin waɗannan, ɗan Umaru da ɗan Abbas da ɗan Zubairu da ɗan Amru, su ne malamai ke haɗawa su kira Abadila, suka rayu zamani ɗaya ana ɗaukar ilmi a wurinsu, kowa da matsayinsa. Shi Zubairun ma, Ibnu Sa'adu ya kawo cewa da gangan yake sa wa 'ya'yansa sunayen abokansa da suka yi shahada, ya sami Hamza da Ja'afaru da Mus'abu, kamar yadda Ɗalha ke sa wa nasa sunayen Annabawa. A wurinsu ɗaukar suna ƙauna ce ake nunawa.

To, kada wani ya ce wannan can ne a Madina. Mu dawo cikin ganuwarmu. Waliyyan nan uku da Katsina ke alfahari da su, waɗanda unguwanni da maƙabartu ke amsa sunansu har yau, wa ya taɓa tsayawa ya tambayi sunansu na yanka? Ɗan Takum, wanda ya yi alƙalanci a nan a ƙarni na 16, Muhammadu ne. Ɗan Marina, wanda littattafai ke kira Ibnus Sabbagi, Muhammadu ne. Ɗan Masani, mai unguwar Masanawa, wanda ya rasu a 1667, shi ma Muhammadu ne, kuma su biyun nan na ƙarshe sun yi zamani ɗaya a gari ɗaya. Sarkin da aka san shi da fara riƙon Musulunci a gadon sarautar Katsina, Muhammadu Korau. Baƙon malamin da ya zo mana daga Tuwat, Magili, Muhammadu. Masanin lissafin nan Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, Muhammadu ɗan Muhammadu. Ba wanda sunan wani ya rufe nasa. Aikin kowa shi ya fitar da shi, laƙabi ya bi aikin ko gidan, mutane suka riƙe.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne labarin zamanin jihadi. A cikin malaman da suka jagoranci jama'ar Shehu a ƙasar Katsina akwai Ummaru biyu, aka rarrabe su da garuruwansu, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa. Ummarun Dallaje ya zama Sarkin Katsina, ya yi sarauta har 1835. Ku dubi sunayen 'ya'yansa da suka hau gadon bayansa: bayan Siddiku sai Muhammadu Bello, daga 1844 zuwa 1869, sa'an nan Ahmadu Rufa'i. Wa kuka tuna? Ai sunayen 'ya'yan Shehu Usmanu ne sak, babu ragi. Har ta kai a shekarar 1869 Sarkin Musulmi a Sakkwato Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, Sarkin Katsina kuma Ahmadu Rufa'i ɗan Ummaru. Takardu na kai da kawowa tsakanin fada da fada, kowace na isa ga mai ita. Shi kansa Shehu Mujaddadi, Allah Ya ƙara masa yarda, Muhammadu nawa ya haifa? Ga Sa'adu, ga Sambo, ga Bello, ga Buhari, duka Muhammadu ne a gida ɗaya.

Wannan dabara ta gida ɗaya ita ce ta haifar mana da sunayen da yanzu wasu ke zaton sunaye ne masu zaman kansu. Uba ya ƙaunaci sunan Annabi har ya ƙi barinsa, sai ya riƙa ƙidaya: Muhammadu Auwalu ko Lawal, Muhammadu Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru, watau na ɗaya zuwa na goma. Mutanen da suka iya zama da Muhammadu goma a tsakar gida ɗaya, yau jikokinsu ne suka kasa zama da suna ɗaya a gida biyu.

Ni da nake fama da yara kullum, na san Bahaushe bai taɓa rasa hanyar rarrabe takwarori ba. A makarantata in na ɗaga murya na ce Abubakar, kawuna biyar ke ɗagowa daga kan allo. Kafin wata ya kama sai ka ji yara da kansu sun raba su: wannan Garba, wancan Habu, ga Buba, ga na Jibiya, ga Dogo. Umaru ya zama Sanda, Usmanu ya zama Shehu, Ibrahim ya zama Iro. A mata A'ishatu ta koma Indo ko Shatu, Hadizatu ta koma Dije, Hauwa'u Kulu, Faɗimatu Binta, Maryamu Mairo. In duk wannan bai isa ba ga ranar haihuwa, Ɗanjuma da Jummai, Balarabe da Laraba, Ɗanladi da Ladi. Ko Turawa da suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 suka tara samari daga larduna, hanyar nan aka bi, aka riƙa jingina yaro ga garinsu, shi ya sa Sardauna a can Ahmadu Raba ake kiransa. Kama da wane ba ta wane, in ji mutanen da.

To daga ina wannan ƙyashi ya ɓullo? Ga abin da na lura. A da mutum yana zaɓen suna ne yana duban baya: wane Annabi, wane sahabi, wane malami, wane kaka nake so yaron nan ya biyo? Mai irin wannan niyya in ya ji maƙwabci ya sa sunan, murna yake yi, gama an ƙara yawan masu tuna wanda yake ƙauna. Mu da muka yi wayo bayan 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala Muhammed, mun ga yadda kowace unguwa ta cika da Murtala, ba wanda ya ce wa wani ni na fara. Yanzu kuwa ana zaɓen suna ana duban gefe: wane suna ne ba kowa ke da shi ba? Ana lalubo shi a waya, ko a ji shi a wasan kwaikwayon talabijin, a ɓoye shi kamar sabon zane har ranar suna, wani lokaci ko ma'anarsa ba a tambayi malami ba. Wanda ya zaɓi suna don ƙarancinsa, lalle ranar da wani ya ɗauka zai ji kamar an yi masa sata, domin abin da ya so a sunan shi ne ya tafi. Ku masu sayar da atamfa kun fi ni sanin wannan hali. Mace ta zo ta ce a ba ta zanen da ba a gani ba a gari, ta biya ninki, bayan mako biyu ta gan shi jikin wata, shi ke nan ya fita ranta. Abin dariyar kuwa, ranar sunan nan da ake faɗa kan kada yara biyu su yi suna ɗaya, za ka ga mata arba'in sun yi anko da zane iri ɗaya.

Ba ina cewa sababbin sunaye haramun ne ba. In ma'anarsu ta yi kyau, babu laifi. Abin da nake cewa shi ne sabo da tsoho hukuncinsu ɗaya, ba mai shinge a kansu.

Amma fa kada mai jego da mijinta su ɗauki wannan magana su mayar da ita sanda. Halaccin abu bai ɗauke wa mutum duban zuciyar ɗan'uwansa ba. Akwai wuraren da ni kaina in aka shawarce ni nakan ce a dakata.

Buhari ya ruwaito cewa wata rana Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana cikin kasuwa, wani mutum ya kira wani da alkunyar Abul Ƙasim, Annabi ya waiwaya, mutumin ya ce ba shi yake nufi ba. A nan ne ya yi izni a riƙa sa sunansa, ya hana a ɗauki alkunyarsa. Mazhabarmu ta Imamu Malik ta tafi a kan cewa hanin na zamanin rayuwarsa ne, tun da dalilin ya gushe da wafatinsa. Ku dubi yadda abin yake: sunan an bar shi a buɗe ga kowa, abin da aka tsare shi ne ruɗanin da ke cutarwa wajen kira. Don haka in gidajen biyu zaure ɗaya suke shiga, yaran za su tashi tare, ya zama wajibin hankali ga wanda ya zo daga baya ya tanadi laƙabin da za a riƙa kiran nasa da shi tun ranar suna, kada ya bar na farkon ya zama shi ne za a laƙaba wa Babba ko Baƙi ba da son iyayensa ba.

Sai maganar kunya, wadda mu maza muke mantawa da ita don ba mu muke ɗaukar nauyinta ba. Matar Bahaushe ta asali ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, da yawa kuma ba su faɗin sunan ɗan fari. Daga nan ne muka sami su Abba da Ummi da Baba da Inna, da na yanzu irin su Halifa da Walida. To in ka sa wa ɗanka sunan ɗan farin maƙwabciyarka, ka sani ka ɗaure mata baki. Yaronka zai shiga gidanta ya yi ɓarna, ba ta da bakin kiransa. Na san wata tsohuwa a wajen Ƙofar Marusa, Allah Ya jiƙanta, da ta shekara ashirin tana kiran ɗan maƙwabta "kai wannan", har yaron ya girma yana zaton ƙinsa take yi, alhali sunan marigayi mijinta gare shi. Wannan ba ya hana sa sunan. Yana dai sa a gaya mata tun da wuri, a bar ta ita ta zaɓa wa yaron alkunyar da bakinta zai iya ɗauka. Sau da yawa ma alkunyar da irin waɗannan mata suka laƙa ita ke bin mutum har kabari.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne in ɗan abokin ya rasu. A nan ban yarda mutum ya yi gaban kansa ba ko kaɗan. Akwai uwar da in ka mayar da sunan ɗanta da ya rasu ka share mata hawaye, ta ɗauki yaronka kamar nata, ta riƙa aiko masa da kayan salla. Akwai kuma wadda duk kiran da za a ƙwala wa yaronka a bayan katanga, sai ta ji shi a ƙirjinta, ta ajiye muciya ta shiga ɗaki. Ba ka da hanyar sanin wace ce daga cikin biyun sai ka tambaya, kuma tambayar ta gaskiya, wadda in an ce maka a'a za ka haƙura. Sunaye masu kyau ba su ƙare ba. Wannan kaɗai ne wurin da nake cewa a nemi izni, ba don sunan nasu ne ba, don raunin nasu ne.

Akwai kuma masu ɗaukar suna don tsokana, kamar yadda kan faru tsakanin kishiyoyi ko facaloli, a sa wa yaro suna don a nuna wa wance ba ita kaɗai ta iya ba. Sunan ya halatta, ragon ya yanku, amma niyyar tana nan a rubuce inda ake rubuta niyyoyi. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, mai yi ya san kansa.

Ku 'yan kasuwa kuma ga wata da ta shafe ku, wadda kakanninmu ba su sani ba. Su laƙabi ya ishe su, domin wanda zai ba ka bashi ya san fuskarka da gidanku. Yau takarda ke magana, takarda kuwa ba ta san Dogo da Gajere ba. Tun da aka fito da lambar BVN ta banki a 2014, aka kuma tilasta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, sunan da aka rubuta wa yaro shi ke binsa zuwa jarrabawa da banki da fasfon aikin Hajji. A garin da abokai biyu za su iya kasancewa dukansu Sani, kowa kuma da ɗa Abdullahi, ga Abdullahi Sani biyu ke nan a layi ɗaya. Wanda ya taɓa tura kuɗin kaya ta waya ya ga sunan ya fito daidai, daga baya ya tarar asusun wani takwara ne, ya san zafin abin. Maganin wannan malaman hadisi sun riga mu gano shi. Da suka ga masu ruwaya suna tarayya a suna, kamar Sufyanu biyu da Hammadu biyu, har wasu su yi tarayya da sunan uba, sai suka mai da rarrabe su fanni guda, Haɗibul Bagadadi ya wallafa littafi sukutum a kansa, ana bambanta mutum da kakansa da garinsu da malamansa. Mu ma haka za mu yi. Ranar da za a karɓo wa jariri takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a rubuta suna uku, nasa da na uba da na kaka ko na unguwa, a kuma tsaya a kan rubutu ɗaya, kada yau Muhammad gobe Mohammed jibi Mamman. Wannan ya fi amfani ga yaro nesa ba kusa ba, bisa a ce an samo masa sunan da ba mai irinsa.

Da na gama zayyana wa baƙona wannan, sai na tambaye shi abu ɗaya: kai da bakinka ka gaya wa abokinka? Ya sunkuyar da kai ya ce a'a, yana jin nauyi ne. Na ce to ga inda gizo ke saƙar. Mutumin da kuke cin kwano ɗaya, ya ji labarin gidanka a bakin mata 'yan barka, kana zaton sunan ne ya ɓata masa rai? Abin da ya ji shi ne ka ɓoye masa, wanda ya ɓoye kuwa kamar ya san bai kyauta ba ne. Da ka riga kowa ka same shi ka ce, wane, ɗiyarka ta shiga raina, ina so in yi mata takwara, da ka mayar da abin girmamawa, da shi zai kai wa matarsa labari yana fara'a. Bashin da ke kanka ke nan, sanarwa da bakinka kafin a yi huɗuba, da ɗan goro a hannu. Izni kuwa ba ka nema, gama in ka nemi izni ka ba shi abin da ba nasa ba, gobe kuma wani zai zo ya ce sai an nemi nasa.

Shi kuma wanda aka ɗauki sunan ɗansa, in yana karanta wannan, ina tuna masa al'adar garin nan: wanda aka yi wa takwara shi ake bi, ba shi ke bi ba. Akwai turmin zane a kansa, ko 'yar tunkiya in Allah Ya hore, kuma duk salla yaron yana da rabo a gidansa. Iyayenmu sun ɗaure zumunci da yawa da wannan igiya, har gidajen da ba su haɗa jini ba suka zama dangi, aka yi auratayya.

Mutumin ya tashi bayan azahar ya sayi goro, ya nufi rumfar abokinsa. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuwa tambaya ba. Ranar suna dai da sassafe na je na yi addu'a, na tarar abokin ne tsaye a ƙofar gida yana raba goro da dabino, shi ya riƙe ragon aka yanka. Da maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, wani daga baya ya ce, "A'a, ai sunan 'yar wane ne!" Abokin ya juya ya ce, "Ƙanwarta ce." Yanzu Ƙarama ake kiran jaririyar a gidajen biyu. Matar abokin ba ta zo yinin suna ba, ta aiko da cewa kanta na ciwo, amma an ce mini bayan kwana biyu ta aiko da sabulu da 'yan kanti guda biyu. Ranar Litinin da ta wuce mota ɗaya ta sauke musu dila daga Kano.